AMSOSHIN WASIƘUNKU: Baƙon Kare Mai Tsoron Mutane Ya Sauka a Lambuna, Yaya Zan Yi da Shi?

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi mai lambu a ƙasar Gwaram. Ga abin da yake cewa: "Tun bayan da aka kawar da amfanin gona, wani ƙaton kare ya zo ya laɓe a bayan rumfar lambuna. Ya rame har haƙarƙarinsa ya fito. Da ya hango mutum sai ya cusa wutsiya a tsakanin ƙafafu ya ruga. Yara na jifansa, maƙwabta kuma sun ce in sa masa guba. Ni dai tausayinsa nake ji, amma ba ni da halin riƙe shi. Shin akwai hatsari? Kuma yaya zan yi in sama masa gida?" Akwai kuma wani ɗan tireda daga Birnin Kudu da ya aiko da tambaya mai kama da wannan, saboda haka za mu haɗa ku mu ba ku amsa guda.

To, malam, madalla da wannan tambaya, kuma madalla da ba ka yi saurin sa gubar ba. Ita guba ba ta da ido. Yau ka ajiye wa kare, gobe sai kazar maƙwabci ta ci, ko akuya, ko ma Allah ya kiyaye, ƙaramin yaro ya tsinta.

DA FARI, KAREN WANE NE?

Irin wannan kare ba daga sama yake faɗowa ba. Galibi ɗayan uku ne: ko karen makiyaya ne da ya ɓace wa garke lokacin da suka tashi da kaka suka nufi kudu, ko na mafarauta ne da ya bi nama ya yi nisa har motarsu ta tafi ta bar shi, ko kuma wani ne ya gaji da ciyar da shi ya kore shi. Don haka kafin komai, je ka shaida wa mai unguwa, shi kuma ya isar wa dagaci. A sanar da sarkin baka da arɗon Fulanin da ke kusa. In ranar kasuwa ta zagayo, kamar kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu, a ba da cigiya. Amma kada ka faɗi kamanninsa duka. Ɓoye wata alama guda, kamar tabo ko yankan kunne, don wanda ya ce nasa ne ya faɗe ta da bakinsa. Duba kuma, in karya ce mai nono a cike, to 'ya'yanta na nan kusa a wani rami ko kango, kada a raba su.

TSORO NE KO CIWO?

Nan ne inda maganar take da nauyi, sai ka kasa kunne da kyau. Ciwon haukan kare iri biyu ne. Akwai mai faɗa, wanda kowa ya sani: kare ya riƙa yawo ba ji ba gani, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gilma, muryarsa ta sauya. Akwai kuma mai sanyi, wanda yake ruɗin mutane: kare ya yi lamo a lungu, haɓarsa ta saki, yawu na dalala, ya kasa haɗiya, ƙafafun baya su riƙa mutuwa. Mutum sai ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, ya zura hannu zai cire. Kul! Kada ka kuskura ka sa hannu a bakin karen da ba ka sani ba.

Kare mai tsoro kawai yana cin abinci, yana shan ruwa, yana tafiya daidai, idonsa a kanka, kuma kullum hanyar gudu yake nema. In karenka ya nuna alamun can na farko, ka nisance shi, a killace yara da dabbobi, a kira malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Wannan ciwo ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan 99 cikin 100 ta cizo ko yaƙushin kare suke kamuwa, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare. Idan ta shiga rauni sai ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa mutum kan yi wata 2 ko 3 garau, wani ma har shekara, kafin ciwon ya tashi. In kuwa ya tashi, sai dai a yi haƙuri. Amma kafin ya tashi, akwai rigakafi mai aiki ƙwarai.

YADDA ZA KA SABA DA SHI

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Karen nan ya sha jifa da sanda, don haka duk hannun da aka ɗaga, duka yake tsammani. Abu na farko, ka tara yaran unguwa ka hana su jifa da tsokana, ka hana su ma zuwa kusa da shi. Kare mai tsoro ya fi yin cizo idan aka rutsa shi a inda ba mafita, kuma cizon ƙaton kare ba irin na ɗan kwikwiyo ba ne.

Ka riƙa ajiye masa ruwa da abinci a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, safe da yamma, sannan ka ja da baya kamar taku ashirin ka zauna. Zauna a kaikaice, kada ka zura masa ido, don a wurin kare zura ido neman faɗa ne. Yi masa magana ƙasa-ƙasa, ka raɗa masa suna guda ka riƙa kiransa da shi. Kullum ka ɗan rage tazarar. In ka ga ya kwantar da kunne, yana lasar baki, yana hamma, ko yana kau da kai, to ka matso da yawa, koma baya. In ya yi gurnani kada ka doke shi. Gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi shi ne ke cizo ba sallama. Bari shi ya zo ya shinshine ka don kansa. Wani kare kwana biyar ya ishe shi, wani sai ya yi wata. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da abinci, karen da ya daɗe da yunwa ba a cika masa ciki lokaci guda, yana iya yi masa illa. Ba shi kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a yini: sauran tuwo, jiƙaƙƙen ƙanzo, da ɗan romo ko tarkacen nama daga wurin mahauta, amma a dafa. Kada a ba shi ɗanyen huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa, don ta nan yake ɗaukar tsutsar ciki, ya zubar da ƙwanta a kashinsa, tumaki da awaki su ci a ciyawa, har mutane ma tana kama su. A guji dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soki hanji. A guji miya mai yawan albasa da tafarnuwa, suna lalata jinin kare.

Idan ya fara sakin jiki, riƙa matsar da kwanon abincin zuwa cikin wani kango ko zagayen danni mai inuwa, har ya saba shiga, sannan ka rufe. Wannan ya fi a bi shi da gudu da igiya.

SAI WURIN MALAMIN DABBOBI

Kafin ka ba kowa karen nan, lalle malamin dabbobi ya gan shi. Zai yi masa allurar rigakafin hauka, wadda ake fara yi wa kwikwiyo yana ɗan wata 3, a kuma riƙa sabuntawa kowace shekara. A nan ƙasar, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura. Karɓi takardar shaida ka adana. Zai kuma ba shi maganin tsutsa da na kaska da ƙuma da ƙazuwa. Kada ka shafa masa baƙin mai ko maganin feshin gona, kuma kada ka ba shi maganin ciwon kai irin namu na mutane, yana iya kashe shi.

Amma ga wata gaskiya da ya kamata ka sani. Allura ba ta warkar da karen da ya riga ya ɗauki cutar, kuma cutar kan ɓuya a jikin kare makonni, wani lokaci watanni. Tunda ba ka san inda ya fito ba, musamman in akwai sabon tabon cizo a jikinsa, sai a ci gaba da sa masa ido, kada a sake shi cikin yara da wuri. Malamin dabbobi zai faɗa maka tsawon lokacin da ya dace a killace shi.

IN TSAUTSAYI YA SA YA CIJI WANI

Nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa har tsawon minti 15. A sa aidin in akwai. Kada a ɗaure, kada a cusa barkono ko toka ko ƙonannen gashin karen, waɗannan ba sa kashe ƙwayar cutar. A tafi asibiti a ranar, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko babban asibitin da ya fi kusa, a nemi allurar cizon kare. Wasu har yanzu suna tsoron allurar cibiya ta da. An daina wannan, yanzu a dantse ake yi: ranar da aka je, sai bayan kwana 3, sai bayan kwana 7, wani tsarin kuma akwai ƙarin ɗaya tsakanin kwana 14 da 28. A cika su yadda likita ya ce. Shi kuma karen a tsare shi kwana 10. In ya wuce su lafiya lau, to yawunsa ba shi da cutar ranar da ya yi cizon. Amma kada a zauna jiran kwana goman nan kafin a fara allura.

Wannan rigakafi tsoho ne. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 a 1885, yaron kuma ya rayu. Tun 2007 ake tunawa da yaƙi da wannan ciwo a ranar 28 ga Satumba, ranar rasuwarsa. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wani yanki allura, cutar kan daina yaɗuwa. Ashe ke nan kare mai gida, mai allura, ya fi wa gari amfani a kan kashe-kashen da ba ya ƙarewa.

WA ZA KA BA?

Malamanmu sun bayyana cewa ya halatta a riƙe kare don farauta, ko kiwo, ko tsaron gona, kuma kowa ya san labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Don haka nemi mai buƙata ta gaskiya: mai lambu a fadama, mai garke, ko mai gadin rumbuna da shaguna. Kada ka ce ai matsoraci ne, ba zai yi gadi ba. Karen da ba ya yarda da baƙo shi ne mai saurin haushi da dare. Dubi dogayen karnukan Buzaye na yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali: an san su da ƙin sakewa da baƙo, amma wurin tsaron zango da riƙe amanar ubangijinsu ba a cewa komai. Sai dai in yana firgita da ƙara, kada ka ba mafarauta masu bindiga da ganguna, ranar farko zai sake ɓacewa.

Ka kuma san wanda kake ba. Akwai masu bin ƙauyuka suna sayen karnuka, su loda a mota zuwa kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, inda ake sayar da su don yanka. In gida kake nema masa, to ba hanyar ke nan ba.

Je ka ga wurin da idonka. Akwai inuwa? Akwai ruwa? Mutumin yana da abin ciyar da ƙaton kare har da bazara? Faɗa masa gaskiyar halin karen a gaban shaida, kada ka ɓoye komai, ka miƙa masa takardar allura. Bari ya zo wurinka sau uku ko huɗu ya ba karen abinci da hannunsa kafin a tafi da shi. Ranar tafiya a haɗa da buhun da yake kwana a kai da kwanonsa, don warin da ya sani yana kwantar masa da hankali. A sabon wuri a killace shi kamar mako biyu, in ba haka ba zai kamo hanya ya dawo. A nuna masa awaki da kaji yana riƙe a igiya. Amma kada a mai da shi ɗan sarƙa dare da rana a cikin zafi, ɗauri na dindindin shi ke mai da kare mugu. Daga ƙarshe ku yi alkawari, in abin bai yiwu ba, ya dawo maka da shi, kada ya kai shi daji ya yar.

To, malam mai lambu, da kai ɗan tireda na Birnin Kudu, da fatan kun gamsu. Ku sake rubuto mana mu ji yadda kuka ƙare. Sauran masu saurare kuma, duk mai kare a gida ya duba takardarsa yau, in shekara ta zagayo, a kai shi allura. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.