Na'urar Da Ke Zama Ɗaliba

Ranar da ƙanwata ta ce in bayyana mata dalilin da ya sa wata yake ƙaruwa yana raguwa, na sha kunya ƙwarai. Na taɓa cin wannan tambaya a jarrabawa, amma da na buɗe baki sai magana ta sarƙe. A nan na gane hadda daban, sani daban, kuma ba abin da ke tona asirin mai hadda kamar koyarwa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A makarantar allo gardi yakan biya wa ƙolo karatu, ta haka nasa yake ƙara zama. Malaman jami'a ma sun jarraba ta. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2014 a Amurka, an ba ɗalibai karatu iri ɗaya. Aka ce wa rabi za a yi musu jarrabawa, rabi kuma za su koyar da wani. Ba wanda ya koyar, amma da aka gwada su duka, waɗanda suka sa ran koyarwa sun fi tuna muhimman abubuwa.

To, wahalar ita ce, a ajin jami'a mai ɗaruruwan ɗalibai, ina kowa zai sami wanda zai koya wa? A nan ne ƙirƙirarriyar basira ta shigo, watau manhajar kwamfuta wadda take karanta magana ta mayar da amsa kamar mutum. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamba na 2022, ɗalibai da yawa tambayarsa suke yi. Sai waɗansu masana suka juya al'amarin, suka mai da na'ura ɗaliba, ɗalibi malami.

Misali, a 2024 masu bincike a jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu sun bayyana wata manhaja mai suna AlgoBo. An tsara ta ne ta ɓoye saninta, ta riƙa yin kuskure irin na sabon shiga, sai ɗalibi ya koya mata rubuta umarnin kwamfuta. In ya yi bayani, ta ce, "Don me?" ko "Ta yaya?" Idan bayanin ya gurgunce, aikinta ma sai ya gurgunce, dole ya koma ga littafi. Ga shi kuwa ba ta gajiya, ba ta yi wa kowa dariya, saboda haka mai jin kunya ma yana iya sakin jiki.

Amma fa akwai hattara. Irin waɗannan na'urori sukan faɗi abin da ba daidai ba, wani lokaci kuma su amince da bayani ko da karkatacce ne. Don haka tilas malami ya riƙa duba hirar, ya gyara.

'Yan'uwana ɗalibai, mu da muke haramar shiga jami'a, zaɓi yana gabanmu. Wanda ya bar na'ura ta yi masa aiki, kayan aro ya yafa, ba kuwa za su rufe masa katara ba ranar jarrabawa. Ni dai na koma na yi bita, na zaunar da ƙanwata da fitila da lemo, na nuna mata yadda hasken rana ke sauka a gefe ɗaya na wata. Ta gane, ni ma sai a ranar na gane.