Na'ura Mai Duba Gyara: Darasi Daga Lamisula

Gabatarwa

Da Barbarci na buɗe baki, Hausa kuwa a makaranta da kasuwa na koye ta. Wannan ne ya sa ni da wani abokina, ɗalibin kimiyyar kwamfuta, muka fara haɗa ƙaramar manhajar ƙamus ta Hausa da Barbarci a gidansu da ke Lamisula. A wannan maƙala zan yi bayanin yadda muka ɗora wa ƙirƙirarriyar basira aikin duba gyararrakinmu, domin na ga abin ya shafe mu ɗaliban harshe.

Mene ne Buƙatar Haɗa Gyara?

Masu rubuta manhaja suna adana aikinsu da Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, kuma da yawansu suna ɗora shi a dandalin GitHub da aka buɗe a 2008. Idan mutum ya yi gyara, ba ya zuba shi kai-tsaye cikin uwar aiki. Sai ya tura buƙatar a haɗa gyaransa, wani ya duba layi-layi, idan ya gamsu a haɗa. Kamar dai yadda editan wannan mujalla yake tace rubutunmu ne kafin a kai maɗaba'a.

Yadda Ake Saita Na'urar

Akwai mataimaka irin su Copilot na GitHub, wanda ya fito a 2021, da CodeRabbit. Matakan da muka bi uku ne. Na farko, muka haɗa mataimakin da rumbun aikinmu, yadda duk buƙatar da ta shigo zai karanta ta ya bar sharhi. Na biyu, muka rubuta masa takardar umarni: kada ya taɓa baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, kuma ya sanar da mu duk inda harafi ya saɓa wa ƙa'idar rubutunmu. Na uku, muka kafa sharaɗin cewa ba za a haɗa gyara ba sai ɗayanmu ya amince.

Abin da Ya Gano

Barbarci yana da harafin ǝ, mai lamba U+01DD a tsarin Unicode. Akwai kuma ə, mai lamba U+0259, wanda masana furuci suke amfani da shi. A ido kamar tagwaye suke, amma a wurin kwamfuta haruffa biyu ne daban. Ni da kaina na cakuɗa su wajen shigar da kalmomi, har ta kai mai neman kalma ba ya samun ta alhali tana nan. Mu biyu mun karanta ba mu gani ba, na'urar ce ta nuna mana.

Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, na'ura tana iya yin kuskure, musamman a harsunan da rubutunsu bai yawaita a intanet ba. Ba lallai ne ta san cewa ƙasa daban, kasa daban ba, sai an faɗa mata. To, wa zai faɗa mata idan ba mu ba? Saboda haka nake kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu kusanci masu rubuta manhaja, mu riƙa rubuta musu ƙa'idojin harsunanmu. Allah ya sa mu dace.