Gem Ɗin Da Babu Hoto A Cikinsa

A zangon karatun da ya wuce, wani ɗan kulob ɗinmu ya zo taron mako da wata 'yar na'urar gem ta hannu, Nintendo DS, ta gwanjo, wadda yayansa ya bar masa. Kafin wani ya kai ƙara ofis, bari mu faɗa tun yanzu cewa da izinin malamin kulob aka shigo da ita, kuma a aljihun teburinsa ta wuni har aka tashi. Mun kewaye ta muna jiran ƙwallo ko tseren mota. Da ya kunna, sai ga sikirin baƙi ƙirin, da layi huɗu ko biyar na rubutun Turanci, da wata 'yar alama a ƙasa tana jira. Wani a cikinmu ya ce ai ta lalace. Bayan minti arba'in, shi wannan mai maganar ne ya fi kowa ɗaga murya, yana rantsuwa cewa in ba a ajiye sanda ba tsuntsu ba zai kamu ba. Kuma gaskiyarsa ce.

Irin wannan gem ɗin da rubutu kaɗai ake buga shi. Na'ura za ta bayyana maka inda kake: ga daji, ga rafi, ga wani ɗan gini a gabanka. Kai kuma ka rubuta mata abin da kake son yi, a taƙaice: shiga gini, ɗauki fitila, tafi kudu. Sai ta faɗa maka abin da ya biyo baya, ta sake tsayawa tana jiranka. Babu mai bin ka da gudu, babu agogon da ke ƙirga maka daƙiƙa. In ka ga dama ka ajiye ta ka tafi aike, ka dawo ka tarar da macijin yana nan inda ka bar shi. Ya yi kama da tatsuniya, sai dai a tatsuniya kaka ce ke riƙe da linzami, naka kawai ka ce ta zo mu ji ta. A nan kuwa kai ne Gizo, kuma in ka yi wauta kai za ta ci.

Wanda muka buga ran nan shi ne kakansu duka, sunansa Colossal Cave Adventure. Wani Ba'amurke mai suna Will Crowther ne ya rubuta shi tsakanin 1975 da 1976. Ma'aikaci ne a kamfanin BBN, cikin waɗanda suka yi aikin ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifi intanet. A lokacin hutunsa kuwa shiga kogo yake yi, yana aunawa yana zana taswira, a yankin Mammoth Cave da ke jihar Kentaki. Da aurensa ya mutu, sai ya so ya yi wani abu da zai haɗa shi da 'ya'yansa mata biyu, ya ɗauki taswirar wani sashe na kogon ya mayar da ita wasa. Shi ya sa ɗakunan farko na gem ɗin suke bin tsarin kogon gaske. A 1977 wani ɗalibi a Jami'ar Stanford, Don Woods, ya ci karo da wasan a kwamfutar makarantarsu, ya nemi izinin mai shi, ya faɗaɗa shi, ya ƙara dukiyoyi da ɗan fashin teku mai sace su, ya kai makin wasan 350. Kwamfutar da suke aiki da ita, PDP-10, sai an ware mata ɗaki guda. Yau ga abin a tafin hannu.

Yadda aka yi ya sauko tafin hannun shi ne abin da ya fi ba mu sha'awa, don haka ku ɗan ƙara haƙurin tsayuwa.

A 1977 wasu matasa huɗu a jami'ar MIT, wato Tim Anderson da Marc Blank da Bruce Daniels da Dave Lebling, suka buga wasan Crowther har suka gama, suka ce za su yi wanda ya fi shi. Suka yi Zork. Na Crowther kalma biyu kawai yake ganewa a lokaci guda, aiki da abin da za a yi wa aikin, kuma haruffa biyar na farkon kowace kalma yake dubawa. Zork kuwa yana gane cikakkiyar jimla, irin a ce saka fitila da takobi a cikin akwati. A 1979 aka kafa kamfanin Infocom, aka so a sayar da wasan ga masu ƙananan kwamfutocin gida. Sai matsala biyu suka taso. Ta farko, wasan ya yi musu girma, dole aka raba shi uku, aka fitar a 1980 da 1981 da 1982. Ta biyu, kwamfutocin wancan zamani ba sa jin yaren juna. Abin da aka rubuta wa TRS-80 ba zai yi aiki a Apple II ba.

Dabarar da Marc Blank da Joel Berez suka yi, duk wanda ya san tarihin Kasuwar Kurmi zai gane ta. Baƙon falke da ya tsallako Sahara ba sai ya koyi harshen kowane gari ba. Kayansa ɗaya ne, maganarsa ɗaya ce, kowane gari ya sauka akwai tafinta. Su ma sai suka ƙirƙiri wata kwamfuta ta cikin tunani, wadda ba a taɓa ƙera ta da ƙarfe ba, suka sa mata suna Z-machine, suka rubuta wasanninsu da yarenta. Kowace kwamfuta ta gaske kuma aka rubuta mata 'yar manhaja mai yin tafinta. Fayil ɗin labari ɗaya ne, tafintoci ne ke canzawa. An rufe Infocom a 1989, kwamfutocin da suka yi wa aiki duk sun zama kayan gidan tarihi, amma tunda tafinta kawai ake bukata, masu sha'awa suka ci gaba da rubuta sababbi. Wanda ya fi suna shi ne Frotz, da ya fito a tsakiyar shekarun 1990. An kai irin waɗannan tafintoci kan Game Boy Advance da PSP da DS da wayoyin hannu. Wasan kogon ma an sake zuba shi a wannan tsari, shi ya sa muka same shi a na'urar abokinmu, cikin wani kaset mai cin memori.

Girman fayilolin abin dariya ne. Wasannin Infocom na farko ba sa wuce kilobait 128. Hoto ɗaya da ake ɗauka da waya ranar sallah yakan kai megabait biyu ko uku, wato gurbin wasanni kusan ashirin. Da zarar an sauke, ba a bukatar data, kuma rubutu ba ya shan caji kamar bidiyo. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma kada mu yi muku daɗin baki. Na'urar gem ta hannu an yi ta ne don babban yatsa, ba ta da allon haruffa, shi kuwa wasan nan gaba ɗayansa rubutu ne. A kan PSP ko Game Boy Advance sai dai ka riƙa bin haruffa ɗaya bayan ɗaya da maɓallin sama da ƙasa, kafin ka rubuta kalma biyu ranka ya ɓaci. DS, wadda ta fito a 2004, ta fi dacewa saboda sikirin biyu gare ta: labari a sama, haruffa a na ƙasa wanda ake taɓawa da ɗan tsinke. Tsinken tamu ya daɗe da ɓata, da murfin biro muka yi ta fama. Abin da ke rage wahala shi ne gajerun umarni: harafi ɗaya ya isa a ce arewa ko kudu, harafi ɗaya ya nuna maka kayan da kake ɗauke da su. Wanda ba shi da irin wannan na'ura bai yi asarar komai ba. Wayar gida ta isa, akwai Frotz a iPhone, akwai Fabularium a Android, kuma a gaskiya rubutu a waya ya fi sauƙi.

Wasan kansa ma ba shi da tausayi. Fitilarka batir gare ta, in ka yi ta yawon banza za ta mutu ka faɗa rami cikin duhu. Akwai wurin da hanyoyi suka sarƙe, kowane ɗaki bayaninsa iri ɗaya da na kusa da shi. Mun kwana biyu a nan, sai wata 'yar aji biyu ta ce mu riƙa yar da kaya ɗaya a kowane ɗaki don mu bambance su, mu kuma zana a takarda. Ashe dabarar da 'yan wasa suke yi ke nan tun 1977. Muka tambaye ta inda ta samo, ta ce ita a lungu aka haife ta.

Malamanmu za su tambaya, kuma suna da hakki: wannan ba wata sabuwar hanyar ɓata lokaci ba ce? Amsarmu rabi da rabi ce. Dukkan waɗanda muka buga da Turanci suke, kuma na'ura ba ta da kara. Malam zai iya gane abin da kake nufi ya ba ka rabin maki, ita kuwa harafi ɗaya ka kuskure sai ta ce ba ta san kalmar ba. Sannan dole ka karanta kowane layi da natsuwa, domin mabuɗin matsalar yakan ɓuya a kalma ɗaya da ka tsallake. Mun buɗe ƙamus a mako biyun nan fiye da yadda muka buɗe shi a zango guda. Wannan zai taimaki mai shirin WAEC ko NECO a ɓangaren karanta labari da amsa tambayoyi. Amma ba zai koya wa kowa rubuta insha'i ba, don umarnin da ake ba shi guntayen jimloli ne. Kuma yana cin lokaci kamar kowane gem. Ɗaya daga cikinmu ya zo ranar Litinin bai yi aikin gida na lissafi ba, taswirar kogo kuwa ya zana ta tsaf har da launi.

Taswirar nan ce ta jawo maganar da ta fi zama mana a rai. Crowther kogon da ya sani ya rubuta. Mu kuma muna zaune a cikin birnin da aka fara kewaye shi da ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce, mai ƙofofi fiye da goma da lunguna da baƙo ba ya fita sai da ɗan rakiya. Mutanenmu ma da gabas da yamma suke kwatance, daidai yadda wasan yake so. Sai muka gwada rubuta ɗakin farko:

Kana tsaye a Ƙofar Mata da hantsi. Kusa da kai marina ce, ana tsoma zane a baba. Hanya ta miƙe yamma zuwa Masallacin Juma'a da Gidan Rumfa. A hannunka akwai ƙullin saƙo da aka ce ka kai wa wani mai sayar da sirdi a Kurmi kafin azahar.

Daga nan aiki ya fara nuna mana haƙoransa. In ɗan wasa ya rubuta ɗauki ƙulli, daidai ne. In ya rubuta ɗauke shi, daidai ne. In ya rubuta ɗauko ƙulli, shi ma Hausa ce, amma ma'anar ta ɗan gusa. Shiga da shigo ba ɗaya ba ne, haka fita da fito. Mu ba mu taɓa lura da yawan rigunan da aikatau ɗaya yake sauyawa ba sai da muka zo koya wa na'ura. Ga kalmar kai: ita ce ta saman wuya, ita ce ta kai saƙo, ita ce ta kiran mutum. Ga gari na zama da gari na tuwo, rubutunsu ɗaya. Ga kuma masu waya marar haruffa masu lanƙwasa, da za su rubuta kofa suna nufin ƙofa, su rubuta baki ba a san na magana suke nufi ko na launi ba. Malamin Hausa da muka kai wa wannan ƙorafi dariya ya yi, ya ce abin da yake faɗa mana ke nan a darasin nahawu muna hamma.

Kayan aikin suna nan kyauta. Graham Nelson ya fitar da Inform a 1993 don kowa ya iya rubuta wasa irin na Infocom, amma an gina shi a kan Turanci, sai an sha aiki kafin ya ji Hausa. Twine, wanda Chris Klimas ya fitar a 2009, ya fi mana sauƙi: ɗan wasa zaɓi yake taɓawa maimakon ya rubuta, don haka matsalar aikatau ta kau, ko da yake rabin daɗin ma ya tafi da ita. Har yanzu kan 'yan kulob a rabe yake a kan wanda za a ɗauka.

Kafin a sasanta, a takarda muke yi. Mutum ɗaya ya zama na'ura, ya riƙe katunan wurare, saura su ba shi umarni, kuma an hana shi taimaka wa kowa ko da da ido ne. Zuwa yanzu muna da wurare 14, daga Ƙofar Mata zuwa bakin Kurmi, mun kuma maƙale a cikin kasuwar, don babu biyu a cikinmu da suka yarda da hanya ɗaya zuwa layin masu sirdi. Muna neman 'yan unguwannin da ke kewaye da kasuwar, da wanda ya san hanyar hawa Dala, da mai kyakkyawan rubutun hannu. Ranar Laraba bayan an tashi, a ajin da kulob ke zama. A zo da fensir da magogi.