Mahaɗar Ƙarfe: Inda Rumfa Ke Tsayawa ko Ta Kwanta

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Gidan Rumji ya ratsa Maradi zuwa Agiye da Gazawa zai ga yadda ƙarfe ya karɓi aikin da azara da gofa ke yi a da. Rumfunan kasuwa, barandar makaranta, ƙafafun tankin ruwa da ake kira shato, da sandunan da ke ɗauke da farantan hasken rana a bakin rijiyoyin burtsatse, duk daga hannun mai walda suke fitowa. Mai gini kan tsaya ya yi ciniki a kan kaurin ƙarfe, amma da wuya ka ji ya tambayi yadda za a haɗa shi da ɗan'uwansa. Alhali idan iskar farkon damina ta taso daga gabas a watan Mayu ko Yuni, sau da yawa ƙarfen na nan lafiyarsa ƙalau, mahaɗar ce ke yagewa.

Dalilin yana cikin lissafi mai sauƙi. Ƙarfin da ke neman lanƙwasa mahaɗa shi ne nauyi sau nisansa daga wurin haɗin. Ɗauki ƙarfen IPN mai siffar harafin I, wanda daga leɓensa na sama zuwa na ƙasa santimita 10 ne, an liƙa shi a jikin ginshiƙi ya miƙo waje mita 2, a bakinsa kuma akwai nauyin kilo 200. Kilo 200 sau mita 2 ya ba da 400. Abin da zai tare wannan ƙarfi leɓuna biyu ne kawai, na sama ana jan sa, na ƙasa ana danna shi, tsakaninsu kuwa bai cika santimita 10 ba. Raba 400 da wannan ɗan taƙi a lissafin mita, sai ka tarar leɓen sama na jan waldarsa da ƙarfin da ya haura tan 4. Buhu biyu na gero ke nan a bakin ƙarfe, sun zama tan 4 a gindinsa.

To waldar nawa take iya riƙewa? A ƙa'idar Turai ta Eurocode 3, wadda injiniyoyi da yawa a ƙasashe masu aiki da Faransanci ke bi, kaurin wuyan walda ba ya gaza milimita 3. Irin wannan walda, idan ta narke da kyau a kan ƙarfen gini na yau da kullum, tana riƙe kusan kilo 600 a kowane santimita. Ana buƙatar kimanin santimita 7 ke nan, tun kafin a ƙara rarar kariya. Faɗin leɓen kuwa santimita 5 ne. Wanda ya shafa walda a saman leɓe kaɗai ya tafi, aikinsa ya gaza tun rana na tsaka. Dole a zagaye sama da ƙasa, ko a sa ɗan faranti mai kusurwa uku ya tokare, domin tokarin yana faɗaɗa tazarar da ake rabawa, jan ya ragu.

Ba ƙananan garuruwa kaɗai abin ke ci ba. A girgizar ƙasar Northridge, kusa da Los Anjalis ta Amurka, ranar 17 ga Janairun 1994, an gano walda ta tsage a mahaɗun benayen ƙarfe masu yawa da ƙwararru suka zana, har aka sake ƙa'idojin aikin.

Ban yarda a ɗora wa mai walda laifin shi kaɗai ba. Yana aiki da ƙaramin janareto wanda wutarsa ke hawa da sauka, ga sandunan walda da suka sha raɓa, ga mai gini yana cewa: "Malam, ɗan ɗosana kawai, gobe kasuwa." Wuta in ta yi rauni, narkakken ƙarfe zama yake a sama bai ratsa ciki ba, ido kuma ya ga kamar an gama.

Saboda haka a duba kafin fenti. A sa guduma a ɓare ɓawon da ke kan waldar. A ga ko ta tafi a jere babu yankewa, ko tana da ƙananan ramuka, ko wuta ta ci gefen ƙarfen ta bar kwari. A auna tsawonta da kaurinta. In shato ne, a tuna kowace lita 1,000 tan guda ce a sama, kuma iska in ta ninka gudunta, turinta ninki huɗu yake yi. Irin wannan aiki, magajin gari ko kwamitin ruwa na ƙauye su nemi injiniya ya rubuta kaurin kowace walda da tsawonta a takarda kafin a kunna wuta, a kuma riƙe cikon kuɗin aiki sai an auna.