Rufin Motar da Ya Ƙi Zama

Mazubi ɗaya ne, ƙyallen zaren kabon daga naɗi ɗaya aka yanko shi, rezin ma daga galan ɗaya. Rufin farko da aka fitar a watan Fabrairu ya hau mota ya zauna daram. Na biyu, na ƙarshen Afrilu, ya ƙi: kusurwa uku sun kwanta, ta huɗu ta ɗaga har yatsa na shiga ƙarƙashinta. A wani garejin gyaran jikin mota a Yamai abin ya faru, inda wasu samari masu son gudu suka kawo motoci biyu iri ɗaya. Tun da BMW ta fitar da M3 CSL a 2003 da rufin kabon ake kwaɗayin abin, domin rage nauyi daga can sama yana sa mota ta fi riƙe ƙasa a kwana.

Maigidan garejin bai yi ha'inci a wurin haɗa mazubin ba. Ya wanke rufin motar farko, ya goga masa kaki sau da yawa don kada komai ya manne, ya shafa baƙin jelkot, sannan ya shimfiɗa zaren gilashi hawa-hawa yana jiƙa shi da rezin epoksi. Da ya daskare ya ɓamɓaro shi, fuskarsa na ƙyalli.

Kamar kullum, yaron shago aka fara tuhuma, wai ya kuskure awon rezin da maganin daskarar da shi. Sai dai epoksin da aka kuskure wa awo yakan zauna da danƙo ko taushi, shi kuwa wannan rufin in an ƙwanƙwasa shi ƙara yake yi. Yaro ya kuɓuta.

Zargi ya koma kan motar ta biyu, tunda motar da ta sha hanya ba a rasa ta da tsohon karo da aka ɓoye da fenti. Nan maigidan ya ɗauko dabarar kafintoci: ya ja igiya biyu daga kusurwa zuwa kusurwa a kan firam ɗin motar. In kusurwoyi huɗu na kan shimfiɗa ɗaya, igiyoyin za su taɓa juna a tsakiya. Suka taɓa. Ya maimaita a bakin mazubin, sai ga tazara a tsakaninsu. Ashe mazubin ne ya murɗe.

To yaushe? Rezin na fitar da zafi yayin da yake daskarewa, kuma in an labta hawa da yawa a lokaci guda zafin kan lanƙwasa aiki. Amma da tun ranar haɗi ya murɗe, da rufin Fabrairu ma bai zauna ba. Ke nan ɓarnar ta auku ne tsakanin rufi biyun, lokacin da babu wanda ke amfani da mazubin. Da aka duba fuskarsa a haske, sai ga zanen saƙar zaren gilashi ya taso a wurin da a da yake sumul, alamar rezin ya ci gaba da tsukewa bayan an ɗauka ya gama.

"Ina kuka ajiye shi?" in ji maigidan.

"Oga, can muka jingina shi da katanga, saboda yana tare hanya. Mun sa masa taya a gefe ɗaya."

Katangar na fuskantar yamma, baƙar fuskar mazubin na kallon waje. A watan Afrilu zafin Yamai kan wuce digiri 40 a inuwa, baƙin abu kuwa a tsakar rana yana iya kai 70. Epoksin da ya daskare ba tare da an gasa shi ba yakan fara saki ne tun wajen digiri 50 zuwa 60. Kullum da azahar mazubin ya yi taushi, nauyinsa ya danna gefen da babu taya, da dare ya huce a haka. Mafi muni, zafin nan ya ƙarasa masa gashin da ya rasa, ya ƙulle shi a karkace. 

Saura tambaya ɗaya, wadda a ganina ta fi sauran daɗi: rufin Fabrairu ma baƙi ne, da epoksi iri ɗaya, kuma kullum cikin rana yake, me ya hana shi murɗewa? An manne shi da ƙarfen mota tun kafin bazara. Ya yi taushi shi ma, amma a ɗaure, don haka ya gasu a siffarsa.

Da wannan darasin aka haɗa sabon mazubi. Mai walda ya yi masa firam na bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, aka ɗaure shi a bayansa da zaren gilashi. Ba a ɓamɓaro shi daga rufin da aka kwaikwaya ba sai da aka riƙa fito da su rana tare, da farko da hantsi kawai, daga baya har azahar, aka kuma ja igiya biyun nan kafin a yanka ƙyallen kabon.