Binciken ƙanƙara: abin da masanan ƙasashen sanyi suka gano, da yadda ya shafi daminar Sahel

A watan Janairun 2025 wani ayarin masana na ƙasashen Turai ya ba da sanarwar cewa ya kammala haƙa rami mai zurfin mita 2,800 a cikin ƙanƙarar nahiyar Antaktika, can ƙuryar kudancin duniya. A wurin da suka yi aikin, wanda ake kira Little Dome C, ko a lokacin da ake cewa sanyi ya lafa, ma'auni yakan tsaya wajen digiri 35 ƙasa da sifili. Abin da suka zaro daga ramin dogayen sanduna ne na ƙanƙara, kuma ta can ƙasa ta kai aƙalla shekara miliyan 1 da dubu 200 da daskarewa.

Ga wanda ke zaune a Njamena ko Garwa ko Kumasi, inda ƙanƙara sai wadda ake sayarwa a leda lokacin azumi, labarin zai yi kama da na wata duniya. Amma wannan fanni na ilimi, wanda ya haɗa nazarin ƙanƙara da aikin injiniya a wurare masu tsananin sanyi, yana cikin waɗanda suka fi sauya fahimtar duniya game da ɗumamar yanayi. Wasu daga cikin sakamakonsa kuma sun taɓo damina da gero da dawa kai tsaye.

Yadda fannin ya faro

Da farko tambayar da ake yi ta aiki ce: yaya za a gina hanya, ko filin jirgi, ko sansanin soja a kan ƙanƙara? Zamanin yaƙin cacar baka ne, Amurka da Tarayyar Sobiyet suna kallon juna ta ƙuryar arewacin duniya. A 1961 rundunar sojan Amurka ta kafa cibiyar binciken yankunan sanyi a garin Hanover na jihar New Hampshire. A 1966, a sansanin Camp Century da ke tsibirin Girinland, injiniyoyi suka huda ƙanƙara mai kaurin kusan mita 1,390 har suka taɓo ƙasa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Willi Dansgaard, ya nuna cewa daga sinadaran ruwan kowane hawa na ƙanƙarar ana iya gane yadda zafi ko sanyi yake a lokacin da dusar ta zuba.

A kudu kuwa, ƙasashe 12 sun sa hannu kan yarjejeniyar Antaktika ranar 1 ga Disamba 1959, wadda ta keɓe nahiyar don zaman lafiya da binciken kimiyya. Afirka ta Kudu ce kaɗai ƙasar Afirka a cikinsu.

Iskar da ta maƙale a cikin ƙanƙara

Idan dusar ƙanƙara ta zuba a wurin da ba ta narkewa, ta bana takan danne ta bara. Da tafiya ta yi tafiya, nauyi yakan matse ta har ta zama tauri kamar dutse, kuma iskar da ke tsakanin ƙwayoyinta takan maƙale a ciki, ta zama ƙananan kumfa. Ma'ana, kowace sandar ƙanƙara tana ɗauke da ainihin iskar zamanin da ta daskare.

Wani Bafaranshe mai suna Claude Lorius, wanda ya fara zama a Antaktika a 1957, yana cikin waɗanda suka fara gane amfanin wannan. Ya sha ba da labarin yadda a 1965 ya jefa gutsuren tsohuwar ƙanƙara a kofin abin shansa, ya ga kumfa na tasowa, sai tunani ya zo masa cewa iskar da ce ke fita. An ɗauki kusan shekara ashirin kafin a ƙware wajen auna ta.

A 1987 masanan Faransa da na Sobiyet suka wallafa maƙaloli uku a mujallar Nature kan ƙanƙarar tashar Vostok, wurin da aka taɓa auna sanyin digiri 89.2 ƙasa da sifili a 1983. Maƙalolin sun bi tarihin shekara 160,000, sun nuna cewa zafin duniya da yawan iskar kabon suna hawa tare, suna sauka tare. A 1999 aka faɗaɗa tarihin zuwa shekara 420,000. Daga baya wani shirin Turai a Dome C, kusa da tashar Concordia ta Faransa da Italiya, ya kai shi shekara 800,000.

A duk tsawon wannan lokaci iskar kabon tana kai-komo ne tsakanin kashi 180 da kashi 300 cikin miliyan. Yau ta haura kashi 420. Wannan kwatanci shi ne babbar gudummawar fannin: ya nuna cewa hayaƙin kwal da man fetur da gas ya fitar da iskar duniya daga iyakar da ta saba da ita tun kafin a yi birni ko gona.

Yadda ake auna tasirin bincike

A jami'o'i ana auna darajar maƙala da yawan masanan da suka kafa hujja da ita. Ta wannan ma'auni, maƙalar Vostok ta 1999 ta yi zarra, domin an ambace ta sau dubbai. Mujallun fannin su ma suna nuna yadda ya bunƙasa: Journal of Glaciology ta fara fita a 1947, Cold Regions Science and Technology a 1979, sai The Cryosphere a 2007, wadda kowa ke iya karantawa kyauta a intanet.

Amma akwai ma'aunin da ya fi ƙidayar ambato, wato ko binciken ya kai teburin masu yanke shawara. A 1988 aka kafa kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, wanda ake kira GIEC da Faransanci, kuma sakamakon ƙanƙara na cikin ginshiƙan rahotanninsa. Jean Jouzel, abokin aikin Lorius, ya daɗe yana cikin shugabanninsa. A 2019 kwamitin ya fitar da rahoto na musamman kan teku da ƙanƙara. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ayyana 2025 a matsayin shekarar kare ƙanƙarar duwatsu, ta ware 2025 zuwa 2034 don ƙarfafa binciken fannin.

Inda bincike ya dosa yanzu

Sauyi na farko shi ne na tambayar kanta. A da ana tambayar yadda za a yi rayuwa da sanyi. Yanzu ana tambayar abin da zai faru idan sanyin ya gaza.

Wannan ya fi fitowa fili a aikin injiniya. A Siberiya da Alaska da Kanada da tudun Tibet akwai ƙasar da ke daskare shekara da shekaru, ana gini a kanta kamar a kan fa. Idan ta narke takan koma taɓo, gini ya nutse. Shi ya sa bututun mai na Alaska, mai tsawon kusan kilomita 1,300 da aka buɗe a 1977, aka ɗora fiye da rabinsa a kan ginshiƙai, da yawansu ɗauke da bututun da ke zuƙe zafi daga ƙasa. Layin dogon Sin da ya isa Lhasa a 2006 ya ratsa kimanin kilomita 550 na irin wannan ƙasa, inda aka yi amfani da gadoji da tarin duwatsun da iska mai sanyi ke ratsawa. Matsalar ita ce an yi lissafin yawancin tsofaffin gine-gine ne da yanayin da yanzu ya sauya. A watan Mayun 2020 wata babbar tanka ta fashe a birnin Norilsk na Rasha, man dizil kimanin tan 20,000 ya malale, kuma an ɗora laifin a kan narkewar ƙasa da kuma sakaci wajen gyara. Ban da gine-gine, wannan daskararriyar ƙasa tana riƙe da kabon da ya kai kusan ninki biyu na wanda ke cikin iska, kuma narkewarta na sakin sa.

Sauyi na biyu na kayan aiki ne. Tun 2002 taurarin ɗan'adam na GRACE, na Amurka da Jamus, suke auna nauyin ƙanƙara daga sama. Sun nuna cewa Girinland na asarar sama da tan biliyan 250 a shekara, Antaktika kuma sama da tan biliyan 100. Wani binciken masanan Finlan na 2022 ya gano cewa tun 1979 ƙuryar arewa na ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya.

Sauyi na uku na masu aikin ne. Sin, wadda ta buɗe tasharta ta farko a Antaktika a 1985, ta buɗe ta biyar a 2024, kuma masananta na cikin waɗanda suka fi yin wallafa kan daskararriyar ƙasa. A ɗaya ɓangaren, tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 haɗin gwiwar masanan Yamma da na Rasha ya ja baya ƙwarai, alhali Rasha ce ke da kusan rabin ƙasar da ke ƙuryar arewa.

Abin da ya haɗa ƙanƙara da damina

Ruwan sama a Sahel yana zuwa ne idan iskar damina mai ɗauke da laima ta taso daga tekun Atlantika ta nausa arewa. Nisan da take kaiwa ya dogara a kan bambancin zafi tsakanin arewacin tekun da kudancinsa. Idan arewa ta yi sanyi fiye da kima, damina takan tsaya a kudu. Masana sun danganta farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 da irin wannan bambanci.

A cikin Atlantika akwai wata babbar kwararar ruwa da ke kai ɗumi arewa. Ruwan gishiri mai sanyi ne ke nutsewa kusa da Girinland, ya jawo na ɗumi daga kudu. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ba shi da gishiri, bai da nauyin nutsewa, don haka idan ya yi yawa yakan raunana kwararar. An taɓa ganin haka: kimanin shekara 16,000 zuwa 17,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara mai yawa ta kwarara cikin arewacin Atlantika, an yi mummunan fari a Afirka har tafkin Biktoriya ya ƙafe.

A 2017 wasu masana ƙarƙashin Dimitri Defrance suka wallafa bincike a mujallar PNAS, inda suka gwada a kwamfuta abin da zai faru idan ƙanƙarar Girinland ta narke da sauri. Lissafin ya nuna raguwar damina a Afirka ta Yamma, da ƙanƙancewar ƙasar noman gero da dawa, lamarin da zai iya taɓa miliyoyin mutane. Gwaji ne na yanayi mafi muni, kuma wasu lissafe-lissafen suna nuna ƙaruwar ruwa a tsakiyar Sahel, don haka masana ba su yi ittifaƙi ba. Abin da ya tabbata shi ne akwai alaƙa. Abin da ya ci Doma, in ji masu magana, ba ya barin Awe.

Akwai kuma batun teku. Tsakanin 1901 da 2018 ruwansa ya ƙaru da kimanin santimita 20. Ƙanƙarar Girinland kaɗai, da za ta narke duka, za ta ɗaga shi da kimanin mita 7. Wannan ba abin shekara ɗari ba ne, amma 'yan santimitoci ma sun isa su ƙara ambaliya da zaizayar gaɓa a Kwatano da Lome da Duwala da Legas, tashoshin da kasuwancin ƙasashen da ba su da teku ya dogara a kansu.

Rabon Afirka

Afirka ma tana da ƙanƙararta, a kan duwatsun Kilimanjaro da Kenya da Ruwenzori. A shekarar 2000 Lonnie Thompson na Jami'ar Jihar Ohio ya haƙo sanduna daga ƙolin Kilimanjaro, inda ya karanto tarihin kusan shekara 11,700, har da alamar wani dogon fari kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Tsakanin 1912 da 2007 dutsen ya rasa kashi 85 cikin ɗari na ƙanƙararsa, kuma Hukumar Yanayi ta Duniya ta yi hasashen cewa ta duwatsun uku za ta iya ƙarewa a shekarun 2040.

Ko irin shukar yankin yana da ajiya a cikin sanyi. A tsibirin Svalbard na Norwe akwai rumbun iri na duniya da aka buɗe a 2008, kuma cibiyar IITA ta Ibadan na cikin waɗanda suka fara kai ajiya, ciki har da wake. An zaɓi wurin ne don ƙasarsa a daskare take. Duk da haka a 2016 ɗumi da ruwan sama suka sa ruwa ya shiga mashigar rumbun. Irin bai lalace ba, amma sai da aka sake gina mashigar.

A fagen binciken kuwa, Afirka ta Kudu ce kaɗai ke da tasha a Antaktika. Gina irin wannan tasha ya fi ƙarfin yawancin ƙasashen yankin, amma bayanan taurarin ɗan'adam da na sandunan ƙanƙara galibi a buɗe suke ga kowa. Cibiyoyi kamar AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai, waɗanda ke fitar da hasashen damina, suna sa ido kan zafin tekun Atlantika duk shekara. Giɓin da ya rage shi ne na ɗaliban lissafi da kimiyya da za su ɗauki abin da aka gano a Girinland su auna shi da ruwan da ke sauka a Abeche ko Marwa ko Damagaram. Sandunan Little Dome C sun riga sun isa ɗakunan binciken Turai, ana yanka su ana aunawa, kuma ana sa ran su bayyana yadda yanayin duniya ya taɓa sauya salo kimanin shekara miliyan 1 da suka wuce.