Alhakin Mai Kare a Dokar Ingila

A ƙasar Ingila kare kamar ɗan gida ne, har cikin ɗaki ya ke kwana. Duk da haka dokarsu ba ta ɗauki cizon kare da wasa ba. In kare ya yi wa mutum rauni, ubangijinsa yana iya fuskantar shari'a iri biyu, watau ta diyya da ta laifi.

Game da diyya, Dokar Dabbobi ta 1971 ita ce a ke bi. Abin da alƙali ya fi dubawa shi ne ko mai karen, ko wanda ya ɗora a kan kula da shi, ya san karen yana da halin cizo. In ya sani, to, lalle ya biya, ko da ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen tsare shi. In kuwa tumaki ko shanun wani karen ya kashe, ba a ma tambayar abin da ya sani. Saboda wannan ne mutane da yawa su kan yi wa karnukansu inshora, suna zuba kuɗi kaɗan kowace shekara, domin ran da tsautsayi ya auku kamfani ya biya wanda aka ciza.

Shari'ar laifi ta fi tsanani. Cikin 1991, bayan karnuka sun yi wa yara munanan raunuka, Majalisar Dokoki ta zartad da Dokar Miyagun Karnuka. Aka hana ajiye iri 4: Pit Bull Terrier, da Tosa na Japan, da Dogo Argentino, da Fila Brasileiro. Har wa yau dokar ta ce kowane irin kare ne, in ya ƙwace wa mai shi har ya zama haɗari, mai shi ya yi laifi. Amma aka bar wata ƙofa, gama dokar ba ta shafi abin da ya faru cikin gidan mai karen ba. Cikin 2013 karnuka suka kashe wata yarinya 'yar shekara 14 a wani gida kusa da Wigan, aka rasa yadda za a tuhumi mai su da laifin mutuwarta. Cikin 2014 aka toshe ƙofar nan, abin da ma'aikatan gidan waya masu rarraba wasiƙu suka daɗe suna roƙo. Tun daga sa'an nan ɗauri yana iya kai shekara 5 in an yi rauni, shekara 14 in an yi kisa. Inshora ba ta da abin yi a nan: diyya ta ke biya, ba ta biyan tara, balle ta ɗauke wa mutum zaman kurkuku.

Iri na 5 da aka hana shi ne XL Bully. Daga ran 31 ga Disamba 2023 aka hana sayad da shi ko haifad da shi a Ingila da Wales, daga ran 1 ga Fabrairu 2024 kuma aka hana ajiye shi sai da takardar izni ta Gwamnati. Mai neman takardar ya biya fam 92.40, aka kuma gindaya masa sharuɗɗa: a fiɗiye karen, a sa masa takunkumi da igiya duk sa'ad da za a fita da shi, a kuma yi masa inshorar biyan diyya. Karnuka fiye da 50,000 aka yi wa rajista.

Sharaɗin inshorar nan ne ya fi ba mutane wuya, domin yawancin kamfanoni sun rubuta cikin takardunsu cewa ba ruwansu da irin da doka ta hana. Galibin masu karnukan sai suka koma ga wata ƙungiyar taimakon karnuka, Dogs Trust, wadda a lokacin ta ke ba membobinta inshora har ta fam 1,000,000 a kan fam 25 a shekara. Wanda ya saɓa ko da sharaɗi ɗaya, takardarsa ta ɓaci, 'yan sanda kuma suna da iko su kama karen.